Sarkin da Aka Ce Guba Ba Ta Cin Sa

Wani mai karatu daga Damagaram ya ce ya ji labarin wani sarki da ya hana Rumawa sakat, wai ko guba ba ta cin sa. Yana son ya san ko gaskiya ne.

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. An yi sarkin, sunansa Mitiridatis na Shida. Ya mulki Fontus, ƙasar da ke gaɓar Baƙin Teku a arewacin Turkiyya ta yau, daga shekara ta 120 zuwa ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawan da ya yaƙa kuwa na birnin Rum ne da ke Italiya. Waɗanda Suratur Rum ta ambata magadansu ne na gabas, wajen shekara 700 bayan haka.

Sau uku yana gwabzawa da su, sai da manyan sarakunan yaƙinsu uku, Sulla da Lukulus da Fompi, suka fito masa ɗaya bayan ɗaya. A ganina, abin da ya ba shi ƙarfi shi ne haraji. Rum kan sayar wa 'yan kasuwa ikon karɓar haraji a ƙasashen da ta ci, su kuma su tatsi talaka, wanda ya kasa biya ya faɗa bashi, wani ma har bauta. Shi ya sa da Mitiridatis ya ɗaura yaƙi, birane da dama suka buɗe masa ƙofa. Amma shi ma ya yi ɓarna mai muni: a shekara ta 88 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya sa aka karkashe Rumawa mazauna waɗannan birane, har mata da yara. Marubutan zamanin da sun ce mutum 80,000 ne.

Batun guba kuwa, da ita aka kashe mahaifinsa. Don haka, in ji marubutan, ya riƙa shan ta kaɗan-kaɗan tare da makari, wato maganin da ke karya ta, don jikinsa ya saba. A nan sai a yi hattara. Guba iri-iri ce, kuma wata, kamar ta dalma, taruwa take a jiki har ta yi kisa. Kada kowa ya gwada.

Da Fompi ya ci shi da yaƙi, ya gudu Kirimiya, inda ɗansa Farnakis ya yi masa tawaye. An ruwaito cewa ya sha guba ba ta kashe shi ba, sai ya roƙi wani dogarinsa ya sare shi da takobi.