KAFIN KU ƊAURA WA MOTAR ƘUNGIYA AMFILIFAYA DA WUFA

Darasinmu na wannan fitowa ba a kan taki ko iri yake ba. A kan motar da take ɗauko mana takin ne, take kuma kai mana amfanin gona kasuwa.

A kakar 2023 wata ƙungiya cikin waɗanda nake zagayawa ta kusa rasa a-kori-kurarta. Direbansu, saurayi ne mai ƙwazo, ya sayo amfilifaya da wufa domin bukukuwan aure da taron godiyar kaka. Ya ɗauki ragowar wayar gida, ya ɗaura a kan batir, ya zura ta wani rami a jikin ƙarfe har zuwa bayan kujera. Bai sa fis ba. Kiɗa ya tashi, kowa ya yaba. Bayan mako uku, suna kan hanyar kasuwa da buhunan masara, sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Gargadar hanya ta sa bakin ƙarfen ya ci robar wayar kaɗan kaɗan, har tagulla ta taɓa bodi. Da ƙyar yaron mota ya cire kan batir da sufana, suka kashe wutar da yashi. Ba wanda ya ji ciwo, amma motar ta yi wata guda a gareji, ƙungiya kuwa ta yi ta biyan haya a daidai lokacin da ake kwasar hatsi.

Ba amfilifayar ce ta jawo wannan asara ba. Siririyar waya da rashin fis ne. Domin haka bari mu bi abin daki daki.

1. MENE NE AIKINSU?

Rediyon mota ƙarfinsa kaɗan ne. Amfilifaya akwati ce da take karɓar wannan ƙaramar murya ta ƙara mata ƙarfi. Wufa kuwa ita ce babbar lasifikan nan mai gurnani, wadda take fitar da amon ƙasa kamar na babbar ganga.

Ga abin lura tun da fari. Wufa tana aiki ne da amon da karkarwarsa ba ta wuce wajen 100 a sakan ɗaya ba. Maganar mutum kuwa, inda ake rarrabe kalmomi, tana can sama, daga wajen 300 zuwa 3,400 a sakan, watau iyakar abin da wayar tarho take ɗauka. Saboda haka idan bukatarku ita ce yin shela a kasuwa, ko sanar da ranar rabon taki, wufa ba za ta kai muku magana nesa ba. Lasifika mai baki kamar mazurari ita ce ta wannan aiki, wutar da take sha kuma ba ta da yawa. Wufa ta kiɗa ce. Ku tabbata abin da kuke so ke nan kafin ku taɓa asusun ƙungiya.

2. LISSAFI KAFIN CINIKI

Amfilifaya ba ta ƙirƙiro ƙarfi daga iska. Duk abin da ta ba wufa, daga batir ta sha shi. Masu noman rani za su gane wannan da sauri. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin tiyo. Amfiya ita ce yawan ruwan da yake wucewa. Wat kuwa shi ne aikin da aka yi, watau bolt sau amfiya.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Idan ya cika yana hutawa yakan nuna wajen 12.6, idan inji yana aiki kuma wajen 14. Tun da turin kaɗan ne, dole yawan wutar ya zama babba. Ga misali. Amfilifaya mai wat 500, irin ta zamani da ba ta ɓarnar wuta sosai, takan mai da wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ta sha ya zama amo, sauran ya tafi a zafi. Ke nan sai ta sha wat 625 kafin ta ba da 500. Ku raba 625 da 14, za ku sami amfiya 45. Manyan fitilun gaba guda biyu, masu wat 55 kowace, ba su kai amfiya 10 ba. Kun ga akwati ɗaya ya fi fitilun mota ci har ninki huɗu da ɗoriya.

Kada babban lambar da aka rubuta a kwali ya ruɗe ku. Ku nemi lambar da take tare da haruffa uku, RMS, gama ita ce ƙarfin da akwatin yake iya riƙewa. In babu, ku dubi fis ɗin da yake jikin amfilifayar. Idan guda ɗaya ne mai amfiya 30, to 30 sau 14 ya ba da 420, abin da zai kai ga wufa kuwa bai kai haka ba. Ko an rubuta wat 3,000 a kwalin, tallar ɗan kasuwa ce.

Masu babbar mota mai batir biyu da aka haɗa suka ba da bolt 24, ku yi hankali. Amfilifaya mai bolt 12 za ta ƙone nan take a kan 24. Ja daga batir ɗaya kaɗai kuma yakan lalata batiran, gama ɗaya zai riƙa ramewa ɗaya yana cika fiye da kima.

3. WAYA

Ba a ban ruwan kadada da tiyon wankin babur. Wayar gida da ake ja wa soket, mai kaurin milimita murabba'i biyu da rabi, in ta kai tsawon mita 5 aka bi da amfiya 45 ta cikinta, za ta cinye fiye da bolt ɗaya da rabi a hanya, ta mai da shi zafin da ya kai wat 70. Wannan zafi kuwa a ƙarƙashin dardumar mota yake, inda ido ba ya gani.

Wayar amfilifaya da lamba ake sayar da ita, lambar kuwa a juye take: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 8 tana da wajen milimita murabba'i 8, lamba 4 kuma wajen 21. Ga ƙaramar amfilifaya mai shan amfiya 30 lamba 8 ta isa. Ga irin misalinmu na amfiya 45, musamman in hanyar tana da tsawo, ku sayi lamba 4.

Akwai algus a kasuwa. Wata wayar robarta ce mai kauri, cikinta kuwa ɗan tsurut. Wata kuma alminiyon ce aka shafa mata tagulla a baya, abin da take ɗauka bai wuce wajen kashi biyu cikin uku na tagullar gaske ba. Ku sa a yanka muku baki ku gani, ku kankare silin da wuƙa. In ya yi fari, ba tagulla zalla ba ce. Araha ba ta ado.

4. FIS

Wannan shi ne zuciyar darasin. Fis ɗin da yake jikin amfilifaya, amfilifayar kaɗai yake tsaro. Doguwar wayar da ta taso daga batir ta ratsa mota ba ta da mai tsaro sai kun sa mata. Batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, shi ya sa yake juya inji. Idan waya ta taɓa bodi, duk wannan wuta ita za ta bi, ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera.

Domin haka a sa fis a kan jar waya kusa da batir, kada nisansa ya wuce santimita 45, watau kamu ɗaya. In ya fi haka kusa, ya fi kyau. Ga misalinmu, fis mai amfiya 60 a kan waya lamba 4 ya yi daidai. Idan fis ya ƙone, yana faɗa muku akwai damuwa ne. Ku nemi dalilin. Kada ku sa wanda ya fi shi girma, kada kuma ku yarda wani ya ɗaure wurin da silin waya ko takardar taba.

5. YADDA AKE ƊAURAWA

Ko da mai gyaran wutar mota ne zai yi aikin, wakilin ƙungiya ya tsaya ya ga an bi waɗannan:

Na ɗaya, a kashe mota, a cire makulli, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa tukuna. Kada a sha taba kusa da batir, gama iskar da take fita daga cikinsa tana kama wuta.

Na biyu, a zaɓi wurin da iska take shiga, ruwa kuma ba ya taruwa. Kafin a huda ko'ina a leƙa ƙarƙashi, kada a sami tankin mai ko bututun birki. A motocin zamani akwai wayoyi masu ruwan ɗorawa na jakar iskar da take tare mutum in an yi karo. Kada a taɓa su.

Na uku, a ja jar waya daga batir zuwa wurin da aka rubuta +12V. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A ɗaure ta tsam, nesa da salansa, da birki, da totur. Kada a sa fis a gidansa tukuna.

Na huɗu, baƙar waya daga wurin da aka rubuta GND zuwa jikin mota. Kaurinta ya zama daidai da na jar, tsawonta kada ya wuce kamu ɗaya. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti sosai, a shafa ɗan giris saboda damina. Yawancin amfilifayar da take ɗaukewa tana dawowa, nan ne ciwonta.

Na biyar, siririyar waya zuwa wurin da aka rubuta REM. Ita ce take tashe amfilifaya idan an kunna rediyo. A yawancin rediyon da ake saya a kasuwa shuɗiya ce mai farin zane. Kada a haɗa ta kai tsaye da batir, gama amfilifaya za ta kwana a kunne, da safe mota ta ƙi tashi.

Na shida, wayoyin murya daga rediyo su bi ɗaya gefen motar, dabam da jar waya, domin kada a riƙa jin kukan inji a lasifika.

Na bakwai, a haɗa wufa. A jikinta an rubuta om nawa ce. Wufa biyu masu om 4, in an haɗa su kai da kai, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 2. Ku duba takardar amfilifaya ko ta yarda da haka, in ba ta yarda ba za ta yi zafi ta mutu. A kafe akwatin wufa da kyau, gama in aka taka birki da ƙarfi zai iya faɗo wa mutane.

Na takwas, a sa fis, sa'an nan a mai da kan batir.

6. SAITI DA KULA

Maɓallin da aka rubuta GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. A mai da shi ƙasa, a ɗaga rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, sa'an nan a riƙa ƙara shi a hankali. Da an ji amo ya fara fashewa a koma baya kaɗan. Wanda aka rubuta LPF a sa shi wajen 80.

Altaneta ce take cika batir, tana kuma ciyar da fitilu da fanka da sauran kayan mota. Abin da ya rage shi ne rabon amfilifaya. In fitilu suna dushewa duk lokacin da ganga ta buga, to kun ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Idan inji a kashe yake, batir ne kaɗai yake ɗaukar nauyi. Batir mai lamba 60, in ana jan amfiya 15, cikin awa biyu rabinsa ya tafi. Batirin tada mota kuwa ba a yi shi domin a riƙa zuƙe shi haka ba, zai mutu da wuri. In za a yi dogon biki, a nemi wani batir dabam.

Kunne ma dukiya ne. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta wuce ma'auni 85, in ana jinta awa 8 a rana, tana rage ji, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Direba kuma lalle ne ya ji hon da kukan injinsa.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU

1. Shela muke bukata ko kiɗa? Wace lasifika ce ta dace?
2. Amfilifaya mai shan wat 420, amfiya nawa za ta ja idan inji yana aiki?
3. Wa yake da ikon yarda a ƙara wani abu a wutar motarmu? An rubuta shi a littafin ƙungiya?
4. In wuta ta kama motarmu gobe, da me za mu kai hatsi kasuwa?

Aikin wannan mako: mutum biyu su buɗe bonet tare da direba, su bi kowace waya da aka ƙara a kan batir. Duk wadda ba ta da fis cikin kamu ɗaya, a cire ta ran nan, kada a bari sai an dawo daga kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.