Darasi: Wayar Totur Bayan Canza Kan Babur

'Yan uwana ɗalibai, yayana ya sa wa baburinsa dogon kai, ya bar tsohuwar wayar totur. Daga Zakka za mu Safana, yana karya kwana babur ya zabura, saura ƙiris mu faɗi.

Ashe wayar ce ta yi gajarta. Da an juya kai sai ta ɗame, ta ja totur.

Ga yadda bakanike ya gyara:
1. Ya juya kan har ƙarshe, ya auna da igiya.
2. Ya yanko sabuwar waya da rigarta.
3. Ya liƙe bakinta da dalma, ya ɗiga mai.

Gwaji: a tayar da babur a tsaye, a juya kai hagu da dama. Idan ƙara ta ƙaru, kada a hau. A duba wayoyin birki da kuloci ma.