Ganyen Auduga Shi Ne Madafarta

Manomi, ka taɓa tambayar kanka inda audugarka ke samun abinci? Galibin mutane za su ce daga ƙasa. To, ba haka ba ne. Ƙasa ruwa take bayarwa, da sinadaran da ke cikin taki. Abincin kuwa ita shukar ke dafa abinta, a cikin ganye.

Wani masani a ƙasar Beljiyam, Van Helmont, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗan kai cikin tukunya, ruwa kaɗai yake ba shi. Bayan shekara 5 itacen ya kai wajen kilo 77, amma ƙasar tukunyar ba ta ragu da ko giram 60 ba. An buga labarin a 1648. Shi ya zaci ruwa ne kaɗai ya yi aikin. Daga baya aka gane da iska a ciki, da hasken rana.

Ga yadda abin yake. Ganye na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, sun fi yawa a bayansa. Ta nan yake shaƙar irin iskar da mu da dabbobi muke fitarwa in mun yi numfashi. Saiwa ta aiko ruwa. Koren nan na ganye ya kama hasken rana, shi ne wutar girkin. Sai a sami sukari, ganye kuma ya saki iskar da muke shaƙa. Da sukarin nan ake gina kara da fure da angurya. Farin zaren da kake kaiwa awo ma daga gare shi ya fito.

Saboda haka kada ka bar ciyawa ta yi wa ƙaramar auduga inuwa, yi noman fari da wuri. Ka rage tsiro kamar yadda malamin gona ya nuna, don in sun cunkushe ganyen ƙasa ba ya ganin rana. Inuwar itace ma haka, sai fa gawo, shi da yake zubar da ganye da damina.

In ƙasa ta bushe, ƙofofin ganye sukan rufe, girki ya ragu, shukar ta zubar da fure da ƙananan ƙwallaye. Shi ya sa shukar da aka makara ba ta auki. Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa. In ka ga darɓa, ko ganye ya yi danƙo ya soma baƙi, gaya wa malamin gona tun ba ta bazu ba.