HAWAN JINI GA MASU KARƁAR MAGANIN CIWON DAJI

Jama'a, ku sani cewa waɗansu magungunan ciwon daji, wato sankara, sukan jawo hawan jini, ko kuwa su tsananta shi ga wanda yake da shi tun farko. Wannan ba dalili ba ne na gudun magani. Abin da ake bukata shi ne lura da bin umarnin likita.

Me ke kawo shi?

Ƙarin sankara ba ya girma sai ya sami sababbin jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Magunguna irin su bevacizumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004, da sorafenib da sunitinib, aikinsu shi ne hana waɗannan jijiyoyi tsirowa. Amma garin haka sukan sa ƙananan jijiyoyin jiki su tsuke, har jini ya hau. Prednisolone da dexamethasone kuwa sukan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, cisplatin kuma yakan taɓa ƙoda.

Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama. In aka ƙyale shi, yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda. Har ma yakan tilasta wa likita rage maganin sankarar ko dakatar da shi.

Abin da ya wajaba

1. A auna jinin majinyaci kafin a fara magani, a kuma riƙa aunawa a kai a kai, musamman a makonnin farko. A rubuta sakamakon a ɗan littafi.
2. In awo ya kai 140/90 ko ya wuce, a sanar da likita. Akwai magunguna, kamar amlodipine da lisinopril, masu saukar da shi.
3. A rage gishiri, kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi guda. A rage dunƙulen miya, a bar taba.
4. Kada a sha ibuprofen ko diclofenac ko maganin gargajiya sai da iznin likita.
5. Kada majinyaci ya daina kowane magani don ra'ayin kansa.

In awo ya kai 180/120, ko aka ji matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Ku tuna, rigakafi ya fi magani.