Robar Fitsari da Yauƙin Ƙwayoyin Cuta: Abin da Ake Nema a Jikin Tsire-tsire

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu, su karanta, sa'an nan su fahimtar da talakawan ƙasarsu.

1. Robar fitsari

Robar fitsari wani siririn bututu ne mai taushi da likita kan zura har cikin mafitsara, domin fitsari ya riƙa zuba cikin jaka. Akan sa wa tsofaffin da fitsari ya ƙi fita, da matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari, da majinyatan da ba su iya tashi. Irin wadda aka fi amfani da ita, wani likitan Amurka mai suna Frederic Foley ne ya ƙaga ta a 1929.

2. Inda haɗarin yake

Kowa ya san yadda gansakuka kan kama cikin randa in an daɗe ba a wanke ta ba. Haka nan ƙwayoyin cuta, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, sukan manne a jikin robar, su hayayyafa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi. Yauƙin nan shi ne ganuwarsu. Maganin da zai kashe ƙwayar da ke yawo ita kaɗai, wani lokaci sai an ninka shi har sau 1,000 kafin ya kashe wadda ke cikin yauƙi.

Kowace kwana guda da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyi cikin fitsari yakan ƙaru da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Bayan kwana 30 kuwa, da wuya a sami majinyacin da ba su shiga ba. Wata ƙwaya, Proteus mirabilis, takan sa fitsari ya koma kamar ruwan kanwa, har tsakuwa ta taru ta toshe bututun. In fitsari ya koma baya zuwa ƙoda, cutar tana iya shiga jini, rai ya salwanta.

3. Abin da masana suka gano

Ƙwayoyin nan ba su fara ginin yauƙi sosai sai sun yi yawa, kuma sukan san yawansu ta wurin wasu sinadarai da suke aika wa juna, kamar yadda tambari kan tara jama'a. Saboda haka masana suka shiga neman abin da zai katse saƙon, ko ya hana mannewa tun farko.

A 2012 masu bincike a Denmak suka nuna cewa wani sinadari na tafarnuwa, ajoene, yana katse saƙon ƙwayar Pseudomonas aeruginosa. Kafin wannan, a 2010, wasu a Amurka sun gwada sinadarin da ke ba kirfa ƙamshi a kan guntayen roba, suka ga ya hana ƙwayar E. coli yin yauƙi. Ana kuma gwada na kanumfari da na kurkum. Nufin shi ne a shafe robar da irin waɗannan tun a masana'anta.

4. Gargaɗi

Lalle a lura, galibin gwaje-gwajen nan a ɗakin bincike aka yi su, da sinadari tatacce, aunanne. Cin tafarnuwa ba ya wanke roba. Wanda kuwa ya ɗura jiƙo ko mai cikin bututu, cuta ya ɗura wa majinyaci da hannunsa. Duk mai tallan magani da ya ce yana da wannan lakani a kasuwa, kada a saurare shi.

5. Abin da za a shaida wa jama'a

(a) A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa roba, da bayan an taɓa.
(b) Jaka ta zauna ƙasa da mafitsara, amma kada ta taɓa ƙasa.
(c) Kada a raba roba da jaka, kada kuma a bari ta lanƙwashe.
(d) Majinyaci ya sha ruwa isasshe, sai fa in likita ya hana.
(e) A koma asibiti ranar da aka yanka domin sake roba ko cire ta.
(f) In aka ga zazzaɓi, ko jini, ko fitsari ya tsaya, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan a gaban dagatai da masu unguwa, malamai kuma su rubuta ranar komawa asibiti ga wanda bai iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.