Tarihin Daura Bai Tsaya a Bakin Kusugu Ba: Wasiƙa Zuwa ga Ɗan Ƙanena

Ɗana,

Na rubuto maka a fili, inda sa'o'inka za su gani, domin ciwon ba a jikinka kaɗai yake ba.

Mahaifinka ya ce tun da aka ba ku dogon hutu ba ka da aiki sai barci har hantsi, da yamma musun ƙwallon Turai a teburin mai shayi, da dare waya a hannu har caji ya ƙare. Ko gona sai an yi da gaske. Wannan tsakaninku ne, shi ya san yadda zai yi da kai. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An ce wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu ya tambaye ka tarihin garinku, ka ba shi labarin Bayajidda da maciji, da ya ce sai kuma me, ka ce ai shi ke nan.

Shi ke nan? Garin da ake wa kirari da tushen Hausa?

Ban raina labarin rijiyar Kusugu ba. Mu ma da shi aka yaye mu: baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a, ya sare kan macijin, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, aka samu Hausa Bakwai. Amma kafin baƙon ya iso akwai jerin Magajiyoyi da suka yi mulki, tun daga Kufuru a Tsohon Birni. Bayansa kuma akwai abin da ya fi kusa da mu, wanda shi ne ba ku sani ba. A 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, sarkinta na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe bai mutu ba, ya rabu ne, wasu suka kafu a Zango, wasu a Ɓaure, suna zaune a inuwar Damagaram. Shekaru masu yawa ana Daura uku a lokaci guda. Sai da Turawa suka zo a farkon ƙarni na ashirin suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi Daura, abin da ba su yi wa Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi mulki har 1966, Muhammadu Bashar ya karɓa har 2007, sannan mai martaba Umar Faruk Umar. Kai da kake zuwa Zango cin kasuwa, ka taɓa tambayar me ya sa sarautar garin take da nauyin da take da shi?

Na san ba laifinku ba ne duka. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi. Kun tashi a cikin wannan giɓi. To amma makaranta ba ita ta koya mana rabin abin da muka sani ba, a zaure muka ji, a bakin tsofaffi.

A unguwarmu an yi wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, wadda mahaifinta yana cikin waɗanda suka biyo Malam Musa daga Zango. In ta zauna tsinkar zogale takan lissafo gidajen da suka dawo tare da sarki da waɗanda suka ƙi dawowa, da dalilin kowa, da auren da aka ƙulla don a kashe wutar gaba tsakanin waɗanda suka tarar da waɗanda suka zo. Ta san wace sarauta ce ta 'ya'yan sarki, wace ce ta bayi, wace ce ta malamai. Har muryar mutanen take kwaikwayo, mu yara muna dariya muna jiran ta raba mana ƙuli-ƙuli. A lokacin kusan kowane gida a unguwar akwai rediyo mai kaset, ana ɗaukar waƙar biki da wasan kwaikwayo, amma ba wanda ya taɓa ajiye shi gabanta. Ranar da aka kai ta makwancinta, duk abin nan aka binne. Har yau in na wuce ƙofar gidan sai raina ya ɓaci. Abin da ya fi ciwo, mutumin da ya zauna gaban dattawan Daura ya rubuta irin wannan bayani dalla-dalla ɗan Jamaika ne, M. G. Smith, littafinsa The Affairs of Daura ya fito a 1978. Matarsa Mary kuwa tsohuwa guda ta zauna da ita a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta, aka buga a 1954, ga shi har gobe ana karantawa a jami'o'in duniya. Tsohuwarmu ba ta gaza Baba da komai ba.

Ga abin da nake so ka yi da sauran hutun nan. Ka tara abokanka masu hankali ku kafa ƙungiyar masu son tarihi. Kada sunan ya ba ka tsoro. Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya ma da malamai ƙalilan aka fara ta a Ibadan a 1955, su Kenneth Dike, kuma cikinsu har da Abdullahi Smith wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Ku sayi littafin rajista, ku sa kuɗin shiga da na wata-wata daidai ƙarfin ɗalibi, ku ba wanda kuka fi yarda da amanarsa ajiya. Wanda ya biya yana da kujera a mota ranar fita, yana da damar aron littafi, sunansa kuma zai shiga duk abin da kuka rubuta. Wanda bai biya ba ya zo ya saurara, ba a korar mai neman sani. Amma don Allah kada ku yi irin ƙungiyoyin samarin yanzu, shugaba da mataimaka uku da mai magana da yawu da hula iri ɗaya, a buga kalanda, a je gaisuwa gidan ɗan siyasa a dawo ana faɗa kan ambulan. Wannan maula ce.

Ku fara da abin da ƙafa za ta kai ku: Kusugu, ƙofar fadar Kangiwa, Tsohon Birni, maƙera da marina. In kuɗi ya taru ku ɗauki mota zuwa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda wani Bature, Palmer, ya tona kaburburan sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992 aka samu kayan tagulla da hauren giwa da zinariya. Daga nan Katsina ba nisa, ga hasumiyar Gobarau, ga gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. A nan gida kuma akwai kwalejin da ke ɗauke da sunan Dakta Yusufu Bala Usman, ku nemi malami ɗaya a can ya riƙa duba muku aiki. Shi marigayin bai yarda a haɗiye labari ba tare da an tambayi wa ya faɗa ba, kuma me yake nema da faɗar.

Sai dai babban aikin yana cikin gida. In za ka wurin dattijo, ka riƙe goro, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi sosai, kada ka turo masa waya a baki kafin ka nemi izini. Kada ka ce masa wace shekara, ba haka suke lissafi ba. Ka ce zamanin wane sarki, kafin farin 1973 ne ko bayansa, ana kashe fam da sule ne ko an koma naira. In ya fito da takardun ajami daga gafaka, ka ɗauki hoto ka mayar masa a hannunsa. In mutum biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun da sunan garin kowa, ba kai ne alƙali ba. Ku sa ƙannenku mata a ciki, domin akwai ɗakin da ku ba za ku shiga ba, kuma rabin labarin yana can wurin kakanni mata.

Na aika wa mahaifinka kuɗin littafin rajista da na shigar mutum uku, ban ce a ba ka a hannu ba. In Allah ya kai mu Sallar Gani zan zo, kuma kafin in fita kallon hawa zan nemi ganin abin da kuka rubuta. Ka fara da kakarka ta wajen uwa, na ji an ce ƙafa ta fara damunta.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Naka,
Baffanka.