Da Keke a Kan Tsohuwar Hanyar Alhazai

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai, mutanen Zazzau da ƙafa suke zuwa Makka, ko bisa jaki. Sai su bi ta Kano da Barno, su ratsa Wadai da Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wani sai ya yi shekaru yana ƙodago a hanya don neman guzuri, wani kuwa ya zauna Sudan, bai sake ganin gida ba.

Da hutu, ni da abokaina mukan gwada farkon hanyar nan da keke. Mukan tashi daga Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, mu fita ta Ƙofar Doka. Abin takaici, ganuwa ta zaizaye, har akwai wuraren da keke ke haye ta ba wuya.

In mun wuce gidaje sai mu saki kwalta mu kama burtali. A yashi kada ka taka burki, a kwazazzabo sauka ka tura, kuma kada ka fita ba famfo da faci, saboda ƙaya. Mil 10 kaɗai cinya ta soma ciwo, alhali Kano ma kusan mil 100 ce.